Jagorar Ciyar da Tumaki da Kardun, Daga Ɗanyen Ganye Zuwa Tunkuza

Tumakin tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya sun kusa miliyan 3, kuma manyan cikinsu suna haihuwa ne a Nuwamba da Disamba. Tatsa tana kankama ke nan daidai lokacin da sanyi ya danne ciyawar makiyaya, ta tsaya cak ba ta ƙara tsawo. Yanayin ƙasashen yankin Bahar Rum ke nan, daga Sifaniya da Fotugal da Girka har zuwa arewacin Maroko da Aljeriya da Tunisiya: ruwan sama yana sauka ne da sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, sannan daga Yuni zuwa Agusta rana ta ƙone komai. Makiyayi a can yana da giɓi biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar sanyi, ɗaya a tsakiyar zafi, kuma da kuɗin aljihunsa yake cike su.

Kardun, wanda masana tsirrai ke kira Cynara cardunculus, haifaffen wannan yanayi ne. Shuka ce mai daɗewa, tana iya shekara goma ko fiye a gona ɗaya ba a sake shuka ta ba. Da ruwan farko na Satumba ko Oktoba take tohowa daga tushe, ta baza manyan ganyaye masu kaurin jijiya a ƙasa duk tsawon sanyi, a Afrilu ta fid da kara wanda kan kai mita 2 ko sama, ta yi fure shuɗi mai ratsin ja a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, a Agusta duk abin da ke saman ƙasa ya bushe ƙayau. Saiwarta kuwa tana nan da rai can ƙasa tana jiran ruwa. Mutanen Maroko da Aljeriya suna cin jijiyar ganyenta a miya, makiyayan Fotugal da Sifaniya suna daskarar da madara da furenta, masana'antu suna matse mai daga irinta.

Duk wanda ya tambaye ni ko kardun abincin kirki ne ga tumaki, sai na fara tambayarsa: na wane wata? Ganyen Janairu da karan Agusta tushensu ɗaya, amma a cikin tumbin tunkiya tazararsu ta kai ta hatsi da tattaka. Abinci huɗu ne shuka ɗaya ke bayarwa: ɗanyen ganye, tsimammen ganye, busasshen kara, da iri ko tunkuzarsa. Kowanne da irin tunkiyar da ya dace da ita, kowanne kuma da inda yake cutarwa.

Fara da zaɓen iri, kada ka kwaso na daji

Kardun iri biyu ne ke gabanka. Akwai na daji, gajere, wanda ƙaya ta lulluɓe ganyensa da kansa. Akwai na gona, wanda manoma suka daɗe suna zaɓa saboda kaurin jijiya da ƙarancin ƙaya, irin su Bianco Avorio da Gigante di Romagna a Italiya, da Blanco de Peralta a Sifaniya. Na gona shi ne naka. Ya fi yawan ganye, kuma tunkiya tana cinsa ba tare da ta yayyage leɓe ba.

Maganar ƙayar nan kada a ɗauke ta da wasa. Ƙananan raunukan da ƙaya ke yi a baki su ne ƙofar da cutar ƙurajen baki ke bi ta shiga, musamman ga 'ya'yan tumaki, daga bakinsu kuma ta koma kan nonon uwa. Tunkiyar da nononta ke ciwo ba ta yarda ɗa ya sha, ba ta tsayawa a tatse ta. Ko a cikin irin gona, idan daga ƙwaya aka shuka, za ka ga jefi-jefi wasu sun fito da ƙaya kamar kakanninsu na daji. Tun suna ƙanana ka bi layi ka tuge su.

Gona da shuka

Ƙarfin kardun a saiwarsa yake, don haka ƙasa mai zurfi yake so. Yana jure ƙasa mai duwatsu da mai farar ƙasa, amma inda ruwa ke kwanciya tushensa ruɓewa yake yi. A yi huɗa mai zurfin santimita 30 zuwa 40 sau ɗaya tun farko, domin bayan haka garma ba za ta sake shiga gonar da wannan zurfin ba sai ranar tashinta. Ruwan saman da yake bukata ya kai milimita 400 zuwa 500 a shekara, kuma ya sauka a lokacin sanyi da farkon ɗumi. Ƙasa da haka zai rayu, amma yankan ba zai biya wahala ba.

Ana shuka ne da zaran ruwan Satumba ko Oktoba ya jiƙa ƙasa, a zurfin santimita 2 zuwa 4, da iri kilo 3 zuwa 4 a kowace hekta, tsakanin layi da layi santimita 75 zuwa 80. Abin da ake nema shi ne tushe 10,000 zuwa 15,000 a hekta. Waɗannan alƙaluma sun samo asali ne daga aikin da Jesús Fernández da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a Jami'ar Fasaha ta Madrid tun shekarun 1980, lokacin da suke gwada kardun a matsayin shukar makamashi. Gaggawar shukar kuwa dalilinta sanyi ne: jaririn tsiro ba ya jure ƙanƙara, amma idan ya yi ganye huɗu ya baza su a ƙasa yana iya ɗaukar sanyin da ya kai digiri 5 ƙasa da sifiri. Inda ƙanƙara ke saurin sauka, gara a jira shukar Maris.

Shekarar farko ta haƙuri ce. Shukar tana aikin saiwa, sama kuwa ba abin a zo a gani, ciyawa tana neman danne ta. Ka yi noma tsakanin layuka, ka hana garke shiga, kada ka yanka. Wanda ya yanki kardun a shekararsa ta farko ya ci daga cikin jarin shekara tara masu zuwa.

Ɗanyen ganye: nan ne kitsen maganar

Daga shekara ta biyu, tsakanin Disamba da Fabrairu, gonar za ta rufe da ganye. Wannan shi ne mafi darajar abin da kardun ke bai wa tunkiya. Idan aka cire ruwan da ke cikinsa aka auna abin da ya saura, furotin yakan kai wajen kashi 13 zuwa 15 cikin 100, zaren da ke cikinsa kaɗan ne kuma mai laushi, yana da sukari da yawa. Masu bincike a Madrid sun gwada shi da tumaki a ƙarshen shekarun 1990, suka tarar kusan kashi 80 cikin 100 ko sama na abin da ke cikinsa yana narkewa. Ciyawa kaɗan ce ke kai wannan matsayi. Ta fuskar ƙarfin da yake bayarwa ya fi kusa da hatsi a kan busasshiyar ciyawa.

To ina matsalar? Ruwa. Kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na nauyin ɗanyen ganyen ruwa ne zalla. Sai ka tara kusan kilo 8 kafin ka sami kilo 1 na ainihin abinci. Tunkiya irin Sarda, wato ta Sardiniya, mai nauyin kilo 45 da ake tatsar lita ɗaya da rabi a rana tana bukatar ainihin abinci wajen kilo 1.8 zuwa 2. Da kardun kaɗai za a ciyar da ita, sai ta haɗiye kilo 15 na ganye, tumbinta kuwa ba zai ɗauka ba. Ko da ya ɗauka, ƙarancin zaren zai hana ta tuƙa yadda ya kamata, miyau ya ragu, tumbi ya yi tsami, zawo ya biyo baya, kitsen madara ya faɗi. Makiyayi zai ga tumaki suna ci baki ba ya hutawa, ciki ya cika fal, amma jiki yana zubewa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma yakan sa a ɗora wa shukar laifin da ba nata ba.

Saboda haka ɗanyen kardun rakiya yake yi wa busasshen abinci. Ga yadda za a bi.

Ka fara auna gonarka. Yanki tushe 10 daga wurare daban-daban, har da inda shukar ba ta yi kyau ba, ka ɗora a sikeli, ka raba da 10, ka ninka da yawan tushen da ke hekta. A ce kowane tushe ya ba da kilo 3 kuma kana da 10,000, to ton 30 ke nan ɗanye, wato kusan ton 4 na ainihin abinci. Idan kowace tunkiya za ta ci kilo 4 a rana, hekta ɗaya za ta riƙe tumaki 100 har kwana 75. Wannan lissafin misali ne, naka sikelin shi zai gaya maka gaskiyar gonarka.

Sannan yanka. Da lauje ko da inji, ka bar santimita 8 zuwa 10 sama da ƙasa, domin idon da sabon toho ke fitowa yana tsakiyar tushe ne. Ka yanki abin da za a ci gobe kawai, ka baza shi a inuwa mai iska ya kwana ya yi yaushi. Kada a tula shi tsibi guda, zafi yake ɗauka ya fara lalacewa cikin 'yan sa'o'i. Ka sassara jijiyoyin nan masu kauri gajeru-gajeru, in ba haka ba tumaki za su tsince fatar ganyen su bar jijiyar a komi, alhali nauyi mai yawa a cikinta yake.

Sai sabo. Kardun yana da ɗaci, daga wani sinadari da ake kira sinarofikirin, kuma tunkiyar da ba ta san shi ba za ta sunsuna ta juya. Kada ka hana ta wani abinci don yunwa ta tilasta mata. Ka fara da rabin kilo a rana, a cakuɗe da abin da ta saba, kana ƙara rabin kilo duk bayan kwana biyu, har a kai kilo 3 zuwa 4 cikin mako biyu. Wannan mako biyun ba don harshenta kaɗai ba ne, ƙananan halittun da ke narkar da abinci a tumbi ma suna bukatar lokacin su sauya. Idan akwai tsofaffin tumakin da suka taɓa ci a bara, ka haɗa su komi ɗaya da sababbi, ganin uwa tana ci ya fi kowace dabara saurin koya wa ƙanana.

Tsarin rana ga tunkiyar tatsa mai kilo 45 zai iya zama haka: da safe busasshiyar ciyawa gram 800 zuwa 900, in so samu ne rabinta ta alfalfa ko wata mai dangin wake, hatsi, kamar sha'ir, ko haɗin kamfani wajen rabin kilo, a raba biyu lokacin tatsa, kardun kilo 4, shi ma a raba biyu, sannan abin da ta tsinta a makiyaya. Busasshen ne ke riga shiga ciki kullum. Kardun kuma bayan tatsa ake ba da shi, domin ganye mai ɗaci yana iya barin ɗanɗano a madara idan an ci shi dab da tatsa, kuma wanda ke sayar wa masu cuku ya san abin da hakan ke jawowa.

Alƙalinka shi ne kashin tumakin. Muddin yana fita ƙwaya-ƙwaya ko a ɗan manne, lafiya lau. Da zaran ya zama dunƙule mai laushi ko ya fara ɓata ulun baya, ka rage kilo 1 na kardun ka ƙara busasshiya. Ka kuma duba garken sa'a biyu bayan cin abinci, idan sun kwanta ya kamata a ce fiye da rabinsu suna tuƙa.

Akwai tumakin da nake roƙo a yi hattara da su: masu ciki a makonni shida na ƙarshe, musamman masu tagwaye. 'Ya'yan sun matse tumbi, wurin abinci ya ragu, bukata kuwa ta ƙaru. Idan aka cika ɗan wurin da ya rage da ganye mai ruwa, tunkiya za ta fara narkar da kitsen jikinta, daga nan sai cutar nan ta ƙarshen ciki da ke sa ta ware kanta, ta daina ci, ta kwanta ta kasa tashi. A Sardiniya 'yan haihuwar fari suna haihuwa ne wajen Fabrairu da Maris, wato ƙarshen cikinsu yana faɗowa daidai tsakiyar yankan kardun. Irin waɗannan kada su wuce kilo 1 zuwa 1.5 a rana.

Ganyen yana da gishirin ƙasa da yawa, kalsiyam ɗinsa ya rinjayi fosfaras nesa. Hatsi ko dusar alkama da ke cikin haɗin su ne ke daidaita wannan. Idan kuma ka zuba wa gonar takin zamani mai naitirojin da yawa, ka jinkirta yanka na wasu makonni, domin duk ganye mai saurin girma yana iya tara naitiret, sinadarin da yawansa guba ne ga tumaki, a irin wannan hali, musamman a kwanakin da hadari ya rufe rana.

Wani zai ce, me zai hana a saki garken cikin gonar a huta da yanka? Ana iya yi, amma da sharuɗɗa. A killace yanki kaɗan da shinge, a shigar da su bayan sun ci busasshiya, sa'a ɗaya zuwa biyu, a fitar da su kafin su kai ga idon tushe. Ranar da ƙasa ta jiƙe sharkaf kada su shiga, kofato yana tattake tushen ya buɗe wa ruɓa hanya. Ni dai na fi son yanka. Asarar ganye ta fi ƙanƙanta, kuma ka san abin da kowace ta ci.

Shawarar da sai ka yanke kafin Fabrairu ya fita

Ganyen da ka yanka da sanyi shi ne zai ciyar da kara da fure da iri. Shukar za ta sake toho, amma abin da za ka girba a Agusta zai ragu, kuma iya jinkirin yankan iya yawan ragin. Ba a cin biyun cikakku. Idan madara ce kasuwarka, ka yanka sau ɗaya cikin sanyi ka karɓi ragin. Idan kana da mai sayen iri, ka raba gonar biyu, rabi na yanka rabi na iri, kana musanya su kowace shekara don tushen ya huta. Yanka biyu a shekara ɗaya a gonar da ba a ba ta ruwa yana gajarta ranta.

Adanawa

Kada ka ɓata lokaci wajen shanya kardun ya zama busasshiyar ciyawa. Jijiyar tana riƙe ruwa kwana da kwanaki, fatar ganyen ta bushe ta marmashe, ga shi lokacin ruwan sama ne. Hanyar da ke aiki ita ce tsimawa a rami ko a leda inda iska ba ta shiga. Sukarin da ke cikinsa yana taimaka wa tsimin, kuma makiyayan yankin Murcia da Alicante a Sifaniya sun daɗe suna yin haka da ragowar atishok, wani kayan lambu ɗan'uwan kardun na jini.

Ruwan nan dai shi ne abokin gaba. Tsimi mai kyau yana son ainihin abinci ya kai kusan kashi 30 cikin 100, ganyen kuwa yana wajen 13. Idan aka danna shi haka, ruwa zai tsiyaye da sukari da furotin, ragowar ya yi wari. Mafita biyu ce, a kan haɗa su: a bar shi ya yi yaushi kwana ɗaya ko biyu idan sama ta yi sarari, sannan a cakuɗa da busasshen abu mai shan ruwa. Kilo 100 na ganye da kilo 25 na yankakkiyar tattakar alkama ko sha'ir suna ba da haɗi mai kusan kashi 28. Tattaka tana rage daraja, don haka idan da hali a maye wani kasonta da dusa.

Yanka shi santimita 2 zuwa 3. Ɗebi cikin tafi ka matse da ƙarfi: idan ruwa ya ɗiga tsakanin yatsu, da saura, idan ka buɗe hannu dunƙulen ya warware a hankali ya bar tafinka da danshi kawai, ya yi. Zuba shi hawa-hawa, ana dannewa sosai, a gama a rufe rana ɗaya, a ɗora nauyi a kan ledar. Bayan mako shida a buɗe. Mai kyau yana da ƙamshin tsami mai daɗi, launinsa kore mai ratsin rawaya.

Ga gargaɗin da ya shafi tumaki fiye da shanu. Ganyen kardun a ƙasa yake kwance, yana kwasar turɓaya, kuma tsimin da ƙasa ta shiga ko iska ta ratsa shi ne gidan ƙwayar cutar listeriya. Tunkiyar da ta kamu takan karkata kai, kunne ɗaya ya faɗi, ta riƙa zagaye wuri ɗaya, masu ciki su yi ɓari. Ka ɗaga wuƙar yanka, ka kakkaɓe ƙasa, duk inda ka ga fumfuna ko baƙi ko yauƙi ka kwashe ka zubar har da abin da ke kewaye da shi. Abin da ya kwana a komi ma a share. Idan ka ga waɗancan alamu, ka dakatar da tsimin nan take ka kira likitan dabbobi a ranar, domin cutar ba ta jira.

Busasshen kara

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Bayan girbin iri, abin da ya saura kara ne mai tauri, furotin ya faɗi ƙasa da abin da tumbi ke bukata don ya yi aiki, kuma wajen rabinsa ne kawai ke narkewa. Busassun ganyen da ke jikinsa sun fi karan kansa. A niƙa shi a ba tumakin da ba su da ciki ba a kuma tatsarsu, tare da abin da zai kawo furotin. Mai shayarwa da ɗan da ake kiwatawa ba nasu ba ne. Kan furen kuwa, da ƙayarsa da gashinsa, a raba shi da komi.

Iri da tunkuza

Hekta mai kyau takan ba da iri wajen ton 1 zuwa 2. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar mai ne, mai kama da na sunfulawa, furotin kuma wajen kashi 20 cikin 100. A 2011 kamfanonin Novamont da Versalis suka kafa kamfanin Matrìca a Porto Torres da ke arewacin Sardiniya don sarrafa man tsirrai, kardun yana cikin shukokin da aka sa wa ido, kuma wannan ne ya sa masu bincike a tsibirin suka duƙufa gwada tunkuzarsa ga tumakin tatsa.

Iyakar iri ita ce mansa. Idan mai ya haura wajen kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na dukan abincin tunkiya, yana hana halittun tumbi narkar da zare. Abincin yau da kullum yana zuwa da kusan kashi 3 nasa. Ga tunkiyar da ke cin kilo 1.8, wurin da ya rage bai wuce gram 50 na mai ba, wato iri gram 200. Kada a wuce nan, kuma a fara da gram 50.

Tunkuzar kuwa furotin ɗinta yana tsakanin kashi 20 da 25. Ta waken suya tana da 44 zuwa 48. Duk wanda ya cire kilo ɗaya na tunkuzar waken suya ya sa kilo ɗaya na ta kardun ya rage wa garkensa rabin furotin ɗin da wannan kilon ke kawowa, kuma bokitin tatsa zai nuna masa cikin mako guda. Ga kuma ɓawo, wanda ya kusa rabin nauyin ƙwayar, mai tauri ne, yawancinsa wucewa yake yi ba a narkar ba. Saboda haka ka tambayi mai sayarwa abu biyu: an ɓare irin kafin matsa? Kuma da injin matsa kawai aka cire man ko da sinadari? Ɓararriya ta fi furotin nesa. Wadda aka matse da inji kawai tana riƙe da sauran mai, don haka lissafin man nan ya hau kanta, kuma tana saurin yin ɗanɗanon tsohon mai idan ta daɗe a zafi. Gram 200 zuwa 250 a rana ga babbar tunkiya, a matsayin wani ɓangare na haɗi, shi ne abin da zan tsaya a kai. A ajiye buhunan a kan katako a ɗaki busasshe. Tunkuzar da ta yi fumfuna gubarta tana bi ta madara ta kai ga mutum.

Kafin furen ya bushe akwai wani ɗan amfani da bai kamata ya wuce mai tumakin tatsa ba. Zaren furen nan shuɗi, idan aka yanke shi a Yuni aka shanya a inuwa, yana ɗauke da sinadarin kardosin mai daskarar da madara. Da shi ake yin cukun Serra da Estrela da Serpa da Azeitão a Fotugal, da Torta del Casar da La Serena a yankin Extremadura na Sifaniya, dukansu da madarar tumaki. Sai dai kan da aka yanke wa fure ba zai cika da iri ba, don haka a ware 'yan layuka don wannan.

Ga mai tunanin kawo shi ƙasar Hausa

Agogon kardun a juye yake da namu. Yana son ruwa da sanyi tare, ya yi barci da zafi. Mu kuwa ruwanmu da zafi yake zuwa, sanyin hunturunmu a bushe yake. Da damina za a jiƙa tushen da ke son hutawa, da hunturu kuma ba ruwan da zai yi girma da shi sai na ban-ruwa, kuma fadamar da za a ba shi ta fi riba da alkama ko albasa. Harawar gyada da ta wake da muke ɗaurewa a kan rufi suna yi mana aikin da ake nema a wurinsa, ga su a bushe ba sai an yi fama da ruwa ba. Wannan jagora ta fi amfani ga wanda ke kiwo ko aikin gona a arewacin Afirka da kudancin Turai, da ɗalibin da ke karatun kiwon dabbobi.

Tsare shi a gona, da ranar tashinsa

Irin kardun yana da gashi, iska tana ɗaukarsa, kuma idan ya tsere daga gona jikokinsa sukan koma masu ƙaya. Charles Darwin ya gan shi a 1833 ya mamaye filaye masu faɗin gaske a ƙasar da yau ake kira Yurugai, har mutum ko dabba ba sa iya ratsawa. A Kalifoniya da kudancin Ostareliya har yanzu ana kashe kuɗi wajen yaƙi da shi a makiyaya. Ka girbe kawunan kafin su buɗe su saki gashi, ka rufe motar da ke ɗaukar su, ka zagaya gefen gona da bakin hanya kowane Oktoba ka tuge duk wanda ya fito inda ba a shuka ba. Idan ƙwaya kake bai wa tumaki, a ɓarza ta tukuna.

Lokacin da tushe suka fara mutuwa, layuka suka yi giɓi, yankan ya daina biyan aiki, gonar ta tsufa. Ka yanke ta kafin fure a shekarar ƙarshe, ka shigar da garma mai zurfi a tsakiyar zafi don rana ta busar da tushen da aka tono, domin guntun da ya saura da ido a jikinsa zai sake toho da ruwan farko. Bayan haka a shuka sha'ir ko alkama shekara biyu, ana bi ana cire duk wanda ya ɓullo, kafin a mayar da filin makiyaya.